Aikin tsakar gida a Ali Ɗan Sofo, daga kaka zuwa damana

14 ga Oktoba 2024

Yau na fara shiga gidan. Sabon gini ne can ƙarshen unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi, inda gari ke ta cin gonaki, magina sun fita bai fi wata biyu ba. Alhaji ɗan kasuwa ne, ba ya zama. Tun a bakin ƙofa ya ciro waya ya nuna mini hoton wani gida, ciyawa kore shar daga ƙofa har jikin bango, fulawa jere kamar an ja layi da igiya. Ya ce, "Mai lambu, irin wannan nake so." Na ce, "Alhaji, ku ba ni kwana uku in auna wurin, in tona in ga ƙasar, sa'an nan mu yi magana."

Filin gaba metir 12 ne da 10. Akwai wani ɗan sarari ta baya kusa da madafa, sai siririn lungu ta gabas. Ƙasar jigawa ce, yashi zalla, in ka zuba bokitin ruwa kafin ka juya ta shanye. Ko'ina ɓaraguzan bulo da busasshen siminti. Abin da ya faranta mini rai kututturai ne guda uku da magina suka sare suka bari: magarya ɗaya, kalgo ɗaya, da ɗan gawo a kusurwar yamma wanda ya riga ya sake toho. Da ma wurin gonar hatsi ce shekara biyar da suka wuce. Na kewaye su da tsofaffin bulo, na gaya wa mai gadi kada kowa ya taɓa.

Ina shirin fita sai wata tsohuwa ta kira ni daga cikin baranda. Mahaifiyar Alhaji ce, an ɗauko ta daga wani ƙauye na wajen Tibiri. Ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai dashen? To ina zan shimfiɗa tabarmata? Gidan nan ko tsuntsu ba shi da wurin sauka." Na ce, "Inna, in Allah ya yarda da naku za mu fara."

17 ga Oktoba 2024

Na zauna da Alhaji bayan la'asar, da takarda da biro. Ban yi masa musu a kan kyan ciyawa ba, lissafin ruwa na ajiye masa. A bazarar Maradi, wajen Afrilu da Mayu, ciyawar da ake so ta zauna kore tana shan kusan lita 8 a kowane murabba'in metir kullum. Filinsa murabba'i 120 ne. Ke nan lita 960 a rana, wajen bido (jarka) 38 na lita 25, a wata kusan lita 29,000. Ruwan sama kuwa da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 da ƴan kai ba, shi ma a cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas daga famfo za a biya, ko daga hannun ƴan garuwa.

Ya yi shiru yana kallon takardar. Ɗan kasuwa ba a koya masa lissafi. Ya ce, "To wanda na gani a hoton fa?" Na ce ko dai suna da rijiyar burtsatse, ko kuwa ƙasarsu ruwa ba ya yanke mata. Ƙaramin icce ɗaya da aka dasa da kyau, bido guda ya ishe shi kwana biyu ko uku ko a tsakiyar zafi, kuma in ya yi shekara uku saiwarsa ta nutsa, ba ya ƙara jiran kowa. Ciyawa kuwa har abada jaririya ce.

Abin da muka tsayar: ciyawar kiri-kiri murabba'i 20 kawai a gaban falo, inda baƙi za su gani, yara su yi birgima. Mangwaro mai aure biyu, lemun tsami biyu, gwaiba ɗaya, gwanda ta baya. Shingen lalle a jikin bangon gabas. Fangalin ganye na Hajiya, matar Alhaji, kusa da madafa. Rumfa ga Inna. Sauran fili a zuba masa tsakuwa da yashi mai tsabta. Ya so in dasa bedi biyu a cikin gida don inuwa da sauri, na roƙe shi ya bari a waje. Na ga bangaye da ramukan masai da saiwar bedi ta tsaga a gidajen unguwannin Zariya da Sabon Gari na nan Maradi, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kuɗin aiki wata-wata za a riƙa biya, har ƙarshen damana mai zuwa, kayan dashe kuma nasa ne.

29 ga Oktoba 2024

Kwana goma muna kwashe shara ni da ƙanena da yaro ɗaya. Amalanke goma sha ɗaya ta ɓaraguzai ta fita. An kawo taki amalanke shida daga wani garke, da jar ƙasa mai ɗan laka daga fadama amalanke huɗu, don a gauraya da yashin ya riƙa riƙe ruwa.

Ramuka: santimita 80 ko ta ina ga mangwaro, 60 ga lemo da gwaiba. Ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. Ta saman ita ake haɗawa da taki a mayar cikin rami. Na mangwaro na ja su metir huɗu daga bango, na cika su na bari su kwanta har damana.

3 ga Nuwamba 2024

Yau ranar kututturan nan ce, kuma ita ce ranar da na fi jin daɗi tun fara aikin. Magaryar ta fito da ƴan rassa sun fi ashirin, cunkus, kowane yana ƙwace wa ɗan'uwansa. Na durƙusa na zaɓi uku mafi ƙarfi da miƙewa, na yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, na share ƙananan rassan da ke jikin ukun har rabin tsayinsu. Kalgo na bar masa biyu. Gawon kansa ɗaya ne, ɗaure shi kawai na yi da sanda.

Wannan shi ne sassaben zamani, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A nan yankin Maradi aka fara yaɗa shi wajen 1983, lokacin da wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da manoman ƙauyuka suka lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa a ƙone kowace shekara ba ciyawa ba ne, itatuwa ne masu tsohuwar saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan abin ya bazu har ana ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 a Nijar. Duk wanda ya bi hanyar Tasawa ko ta Zinder ya ga gawo tsaitsaye cikin gonaki ya ga shaidarsa. Abin da ke ba ni takaici, a ƙauye an gane wannan, a birni kuwa mutum zai sayi fili, ya tumɓuke icce mai saiwar shekara ashirin, sa'an nan ya tafi ya sayo ɗan tsiro a leda wanda saiwarsa ba ta kai tafin hannu ba.

Inna tana zaune tana kallona. Ta ce marigayi mijinta haka yake yi wa gonarsa, har maƙwabta suna cewa rago ne, bai iya sassabe ba. Ta ce a bar mata kalgon, ɓawonsa igiya ne, kuma tana da amfani da ganyensa.

16 ga Nuwamba 2024

Na dasa lemun tsami biyu da gwaiba da gwanda uku, tunda akwai famfo kuma rana ta yi sauƙi. Daga wajen masu renon itace na bakin gulbi na ɗauko su. Duk wanda zan saya sai na ɗaga ledar na duba gindinta. In saiwa ta huda leda ta kama ƙasa, ko ta naɗe kamar gammo, ba na ɗauka komai kyan ganyensa. Lalle reshe-reshe na soka, tsakaninsu taki ɗaya. Rumfar Inna ta tashi, ginshiƙi shida da zana biyu a sama.

Hajiya ta karɓi fangalinta: salati, tumatir, albasa mai ganye, na'ana'a a cikin tsohon baho don kada ta mamaye wuri. Zogale kuwa iri na kawo daga Jiratawa, inda ake nomansa fage-fage, amma na ce mata a ɗan jira. In aka shuka shi cikin sanyi yakan yi nawa, ya fito a tsugune.

21 ga Disamba 2024

Hunturu ya sauka sosai. Hazo har ba a ganin hasumiyar masallacin unguwa da safe. Iskar gabas tana shigowa ta lungun nan kamar ta bututu, ta ƙona bakin ganyen gwanda. Mun kafa zana ta tare.

Na sauya lokacin ban ruwa zuwa hantsi, na kuma rage shi. Mai gadi ya saba ganin ganye ya yi laushi ya ɗauko tiyo, alhali a wannan lokaci ƙasa tana daɗewa da danshi, iska ce ke busar da ganyen. Na nuna masa ya soka yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu kafin ya buɗe famfo. Ran Juma'a kuma a wanke ganyen lemo da arozuwar, wato butar ban ruwa, don ƙura tana toshe shi.

Gawon ya cika da ganye yanzu da kowa ke zubarwa. Haka yake, sai damana ta zo ya tuɓe.

18 ga Janairu 2025

Lemo ɗaya, na kusa da ƙofa, ya ƙi. Sababbin ganyensa sun fito rawaya fatau, jijiyoyin kawai suka rage kore. Ɗan'uwansa na can gefe lafiya lau, alhali rana ɗaya aka dasa su, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Na tona gefen ramin da diga, kamu biyu ƙasa na ci karo da faifan siminti, fari fat, faɗinsa ya fi tabarma. A nan magina suka riƙa kwaɓa, yashi ya rufe. Ƙasar da siminti ya jiƙa tana hana saiwar lemo jan sinadarin ƙarfe, ko da yana nan a cikinta, shi ya sa ganyen ke yin haka.

Laifina ne. Na ga alamar farar ƙasa a wurin tun Oktoba, na ɗauka a sama take. Na gaya wa Alhaji yadda abin yake, na ce kuɗin gyaran a kaina. Ya ce, "Ai ba kai ka kwaɓa simintin ba." Na ce amma ni na haƙa ramin. Mun ciro lemon da ƙasarsa da yamma, muka mai da shi cikin rabin ganga a inuwa, muka farfasa faifan muka kwashe, muka zuba sabuwar ƙasa. Sai damana zai koma.

9 ga Fabrairu 2025

Na shuka zogale, rami goma sha biyu, ƙwaya biyu-biyu. Hajiya ta fara tsinkar salati tun makon jiya. Na kawo ƙariya biyu a tukwane na ajiye gefen matakalar falo. Ita ce amsata ga fulawar da ke cikin hoton Alhaji: yanzu da rani take fure, ja da fari, ga ta ba ganye, kuma ruwan mako guda kofi biyu ne. Na dai ja kunnen Hajiya a kan yara, don ruwan jikinta dafi ne.

12 ga Maris 2025

Azumi, ga zafi ya fara. Aiki daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara, sai kuma gab da magariba. Famfon unguwar ba ya kawo ruwa da rana yanzu, sai tsakar dare, mai gadi ke tashi ya cika ganga biyu.

Na sayo tuluna takwas a babbar kasuwa, irin na ƙasa da ba a shafa musu komai ba. Kowane icce an binne masa ɗaya har wuya, kamu ɗaya da rabi daga gindi, an rufe bakin da fasasshen kasko. Ana cika shi, ruwan ya riƙa tsatsafowa ta jikin tulun a hankali, daidai inda saiwa take, rana ba ta sha, iska ba ta sha. Kawuna ne ya koya mini wannan a lambunsa na gulbi tun ina yaro ina ɗaukar masa guga. Na gwaiba yakan kwana uku kafin ya ƙare. Yaron aikina ya zura hannu cikin ɗaya bayan mako biyu ya ce akwai sanyi kamar randar Inna.

Mun rufe gindin itatuwa da ƙaiƙayi da karan hatsi da aka daddatsa, kaurin yatsa huɗu. Sai dai a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin iccen, a barbaɗa toka a wurin. In ba haka ba gara za ta bi karan ta hau.

27 ga Maris 2025

Ta hau ɗin. Gwanda ɗaya ta baya, mai gadi ya tura ƙaiƙayin har jikinta don yana ganin ya fi kyau. Na kankare ƙasar garar, na buɗe gindin. Na sake yi masa bayani a tsanake. Mutumin kirki ne, kuma shi ke tashi da dare saboda ruwan nan.

22 ga Afrilu 2025

Zafi ya haura digiri 40 kwana da kwanaki. Ƙarfe goma sha ɗaya ba ka iya taɓa bakin shebur. Gwanda biyu sun tafi, ta garar nan da wata, saura ɗaya. Fangalin Hajiya mun tashe shi, ban da na'ana'a da aka ja inuwa. Ba a dashe yanzu, ba a sa taki, ba a aski. Abin da ake yi kawai a raya abin da ke raye.

Kwana uku famfo bai ɗiga ba a makon jiya, muka koma sayen garuwa. A nan Alhaji ya tsaya a baranda yana kallon ƴan bido shida da suka ishi dukan gidan, ya ce mini, "Da yanzu talatin da takwas nake nema ko?" Na ce haka ne, Alhaji.

Wata dabara ta Inna ce. Ta sa aka mai da wurin alwala gindin lemon nan mai lafiya, aka ajiye dutse faifai da buta. Gida mai mutum goma sha, salla biyar, ba ƙaramin ruwa ba ne. Lemon ya fi kowa sheƙi. Ruwan wanki kuwa na hana, saboda garin sabulu da ruwan zabel, wato bilic, suna tara gishiri a ƙasa. Na wanke-wanken hatsi da na shinkafa a kai wa zogale.

Zogalen ya kai ƙugu. Na datse kansa. Hajiya ta fito da sauri, "Mai lambu, lafiya? Abin da muke jira ka sare?" Na ce, "Hajiya, in aka bar shi zai tafi sama kamar gora, ganyen sai da tsani. Yanzu zai yi rassa huɗu ko biyar daidai hannunku." Ta karɓi kawunan da na yanke ta ce ko su a yi kwaɗo.

Magarya da kalgo da gawo, tun Nuwamba ko kofi ɗaya ba a zuba musu ba. Magaryar ta wuce kaina.

15 ga Mayu 2025

Na ɗauko Kawu a babur don auren magarya. Hannunsa ya fi nawa, kuma shi ke da uwar irin, magaryar nan mai manyan ƴaƴa da ake kira tuffar Sahel, irin Gola, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta taimaka wajen yaɗawa. Ƴaƴan tamu ta daji kamar ƙwayar gujiya suke, nata kuwa sun kai ƙwan tantabara ko su fi.

Ya zauna a kan bulo, ya ciro wuƙarsa da ya wasa tun gida, ya goge ta. Ya datse reshen magaryar daidai gwiwa, ya tsaga kansa kaɗan, ya fere ɗan reshen Gola mai kaurin fensir ta gefe biyu kamar bakin gatari, ya cusa. Ya juyo da shi wajena. "Duba nan, ɗana. Ɓawo da ɓawo za su haɗu, ko ta gefe ɗaya ne. In ka sa shi a tsakiya don ya yi maka kyau a ido, ba aure ka ɗaura ba." Ya naɗe da siririyar leda tam, ya rufa wata a sama, ya karyo ganyen kalgo ya yi masa hula. Bai yi minti biyar a kan kowane ba. Na uku ya miƙo mini wuƙar ya ce in yi yana gani.

Inna ta aiko masa da fura, suka daɗe suna hirar mutanen da, da yunwar 1984.

26 ga Mayu 2025

Shirin ruwa. Rufin gidan ya kai murabba'i 150, kuma kowane milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ne a kan murabba'i ɗaya. Ruwa mai milimita 20 kawai zai sauko da lita 3,000 daga indararo. Magina sun karkata filin duka zuwa ƙofa, don ruwan ya fice titi. Haka kowane gida ke yi, shi ya sa titunan unguwannin tudu ke zama kwazazzabai, ruwan ya taru ya gangara kan na ƙasa. Maradi ta san wannan tun ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi gari daga bakin gulbi aka hau tudu, kuma ruwan ƙarshen Agustan bara da ya rusa gidaje ya ci rayuka bai bar zukatanmu ba.

Mun ja ƴar hanya mai tsakuwa daga ƙarƙashin kowane indararo zuwa ramukan mangwaro, muka yi wa kowane rami kunyar ƙasa mai siffar rabin wata, bakinsa yana kallon inda ruwa ke fitowa. Ganga biyu a ƙarƙashin indararon baya. Na bar mafita ta ƙofa yadda in ya yi yawa zai wuce, don ba a wasa da ruwa kusa da tushen gini. An ɗaure kowane icce da sanda da tsumma saboda iskar farkon damana.

Aure biyu sun kama, idanun sun fashe kore. Nawa ne bai kama ba.

5 ga Yuni 2025

Ragunan layya uku aka kawo gidan, aka ɗaure a lungun gabas. Da dare ɗaya ya tsinke. Da na zo da safe na tarar ya bi lalle ya aske, ya ɓare wa gwaiba ɓawo ta gefe ɗaya, ya cinye ɗaya daga auren Kawu har ledar. Na daɗe a tsugune a wurin. Toho ne mai ganye shida jiya da yamma.

Gwaibar za ta rayu tunda bai zagaye ta ba, na gyara bakin raunin na ɗaure. Lalle zai dawo. Auren da ya rage na kewaye shi da waya da ƙayar magaryar kanta. Na roƙi Alhaji a sayo ragar waya ga kowane icce kafin a sake kawo dabba gidan, ya ba da jika goma nan take.

24 ga Yuni 2025

An yi ruwa sau biyu. Alhaji ya bugo waya daga Yamai yana tambaya ko an dasa mangwaro. Na ce tukuna. Na haƙa gefen rami, danshi bai wuce kamu ɗaya ba, ƙasansa busasshe ƙurmus. Ruwan farko yakan yi yaudara, a yi shi sa'an nan a ɗauke kwana goma sha biyar. Manomi ma da ya yi shuka a kansa yakan sake.

Gawo ya fara zubar da ganye.

11 ga Yuli 2025

Danshi ya kai har inda hannuna ya tsaya. Jiya da yamma, da hadari a gabas, muka dasa mangwaro biyu. An yanke ledar da reza, ba a fizge ba. Wurin auren ya tsaya tafin hannu sama da ƙasa, don in aka binne shi ruɓa yake, ko uwar ta ƙasa ta yi toho ta kashe na saman. Na ce wa Hajiya duk furen da suka yi a sanyin bana da na baɗi a tsinke shi, icce ya yi jiki tukuna. Lemon ganga ya koma raminsa, ganyensa kore.

Kiri-kiri daga lambun Kawu na yanko, jijiya-jijiya, muka dasa layi-layi tsakaninsu tafin hannu, muka tattake. Na kewaye wurin da bulo a tsaye har ƙasa, don in ba a tare ta ba sai ta shiga fangalin Hajiya. Gindin rumfar Inna na shuka soso, ya hau ya rufe zanar. Fangali ya koma na damana: kuɓewa, yakuwa, lalo, alayyafo.

25 ga Yuli 2025

Takin garken nan ya zo da baƙi. Ƙarangiya da tsaida sun fito ko'ina aka zuba shi. Kullum da safe muna cira da hannu tun ba su yi ƙaya ba, gidan yara ne masu yawo ba takalmi. Aya-aya ta fi ba da wuya, sai an tono ƴar ƙwayarta ta ƙasa, in aka tsinke ganyen kawai kwana uku ta dawo.

Tsutsa ta faɗa wa zogale, ƙanana kore masu saƙa kamar gizo-gizo, suna mai da ganye kamar rariya. Tunda abin ci ne kullum, ban kawo maganin kanti ba. Ƴaƴan bedi busassu rabin kilo aka daka, aka jiƙa a lita 10 ya kwana, aka tace da ɗankwali, aka ɗan sa sabulun wanka don ya kama ganye, na fesa bayan la'asar. Za a maimaita bayan mako guda. Rassan da suka lalace sosai na datse na ƙone.

3 ga Agusta 2025

Ranar dashen itace ta ƙasa, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960. Na kawo bedi biyu da tsamiya ɗaya don ƙofar gida, metir uku daga bango. Yaran gidan suka dasa, kowa da nasa, ƙaramar ta dage sai ita za ta zuba wa tsamiya ruwa. Ragar waya tun yau, saboda jajayen awakin unguwa ba sa barin komai. Maƙwabci ya leƙo ya tambaya nawa nake yi, ya ce shi ma filinsa akwai wasu kututturai, da niyyarsa ya sa a tone. Na ce ya bari in zo in gani ran Asabar.

20 ga Agusta 2025

Ruwa mai ƙarfi shekaranjiya da dare. Da sassafe na zo in ga yadda hanyoyin suka yi. Rabin watan mangwaro sun cika sun shanye kafin hantsi, abin da ya fita ta ƙofa kaɗan ne. Ta baya ce matsala: ruwan indararon madafa ya fi ƙarfin ganga, ya kwanta a gindin gwanda da zogale uku na ƙarshe, su kuwa ba sa son ƙafarsu cikin ruwa. Na buɗe masa hanya da hauya zuwa gindin gwaiba, na tara wa gwandar ƙasa. Ganyenta biyu na ƙasa sun yi rawaya, zan ga abin da mako zai nuna.

Kiri-kiri ta haɗe, na yi mata askin farko da almakashi. Alhaji ya cire takalmi ya taka, ya ce a ƙara murabba'i goma. Na ce mu bari ta ga bazara ɗaya tukuna, in lissafin ruwan ya yi masa, sai a ƙara a damana mai zuwa. Ya yarda.

Soso ya rufe rumfa, ya fara fure rawaya. Inna tana ƙarƙashi da tabarmarta tana zage zogale a tire, ta ce in gaya wa Kawu auren da ya rage ya kai ƙirjinta. Tohon daji da ke fitowa ƙasan auren na cire guda biyar yau, sai an riƙa bi duk mako. Rassan nan biyu, wanda rago ya ci da wanda bai kama ba, sun sake toho mai kyau, Kawu ya ce a bar su su yi kauri.

Kafin ruwa ya ɗauke: a tono tuluna a wanke a matsar da su gaba kaɗan tunda saiwa ta faɗaɗa, a binne wa mangwaro nasu, a tara ganyen da aka cira a rami da toka don takin sanyi, a nemi ƙaiƙayi tun ana sussuka kafin ya yi tsada. Ran Asabar kuma gidan maƙwabci, kututturansa huɗu ne, biyu sabara, ɗaya aduwa, ɗayan sai na share yashin na gani.